Maikel Faraday, Ɗan Maƙeri

An haifi Maikel Faraday a 1791 kusa da Landan, ƙasar Ingila. Ubanshi maƙeri ne, talaka. Yaron bai yi nisa a makaranta ba. Shina da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Littafin da ya shigo hannunshi, sai ya karanta. A 1813 wani babban masani, Hamfri Debi, ya ɗauke shi aiki.

A 1831 ya gano yadda ake samun lantarki da maganaɗisu. A 1857 ya bayyana wani abin mamaki. Ya narkar da zinariya, ya sa mata magani, ta koma ƙwayoyi mitsi-mitsi da ido bai gani. Sai ruwan ya yi ja wur!

Yau masana na gauraya zinariya da azurfa cikin irin waɗannan ƙwayoyi. In azurfa ta rinjaya, ruwan ya yi rawaya. In zinariya ce, ya yi ja. Jan layin nan na awon zazzaɓin sauro a likita, galibi ƙwayoyin zinariya ne.

Faraday ya rasu a 1867, amma aikinshi na ceton yaranmu.