Coco Chanel: 'Yar ɗan koli da ta ba da sunanta a kan kashi 10

Duk wanda ya taɓa zagaya layin masu turare da jakunkunan mata a kasuwar Aboabo da ke nan Tamale, ko a Bawku da Paga da Sinkase, ba zai rasa ganin wata alama ta harafin C guda biyu da suka sarƙe suna ba juna baya ba. Galibin kayan da ke ɗauke da wannan alama a rumfunanmu na kwaikwayo ne, mai saye da mai sayarwa duk sun san haka, amma sunan yana sayar da kaya. Mai sunan kuwa wata mata ce 'yar Faransa, Gabrielle Chanel, wadda aka fi sani da Coco.

An haife ta ran 19 ga Agusta, 1883 a garin Saumur. Mahaifinta ɗan koli ne mai yawo kasuwa-kasuwa da tufafi. Tana da shekara 11 mahaifiyarta ta rasu, sai uban ya miƙa ta gidan marayu na coci, bai sake waiwayarta ba. A can ta koyi ɗinki. Da ta girma ta yi aikin tela a garin Moulins, da dare kuma tana waƙa a gidajen shaƙatawa.

A 1910 ta buɗe kantin hulunan mata a titin Cambon da ke birnin Paris, da jarin da masoyinta Arthur Capel, wani attajiri ɗan Ingila, ya ba ta. Ta ƙara kanti a Deauville a 1913, da wani a Biarritz a 1915. A wancan zamani matan Turai na ɗaure ƙugu da wata ɗamara mai tauri, su ɗora riguna masu nauyi har ƙasa. Da Yaƙin Duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914 maza suka tafi fagen daga, mata suka fita aiki, yadi ya yi wuya. Nan idon 'yar kasuwa ya yi aiki. Chanel ta sayi wani yadi mai laushi, mai araha, wanda aka saba ɗinka wa maza kayan ciki da shi, ta ɗinka wa mata riguna sakakku. Matan masu kuɗi suka yi ta rububinsu.

Bayan yaƙi, a shekarun 1920, 'yan matan Turai da Amurka suka fito da sabon yayi: su rage gashi, su sa riga miƙaƙƙiya iya gwiwa, su tuƙa mota, su yi rawar kiɗan jaz. Amurkawa na kiran irin wannan budurwa flapper. Ba Chanel kaɗai ta kawo yayin ba, akwai teloli irin su Paul Poiret da Jean Patou, amma sunanta ne ya fi manne masa. A 1926 mujallar Vogue ta buga zanen wata baƙar rigarta marar ado, ta kwatanta ta da motar Ford wadda kowa ke hawa, alhali a da baƙi kayan makoki ne. Har yau wannan yayi bai fita ran mutane ba, domin yana tuna musu lokacin da aka fita daga yaƙi mata suka sami sakewa. An yi fim kan ƙuruciyarta a 2009, sannan fim ɗin The Great Gatsby na 2013 ya sake farfaɗo da kwalliyar zamanin.

To, sai batun turare, inda nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya kasa kunne. A 1921 wani mai haɗa turare, Ernest Beaux, ya haɗa mata Chanel No. 5. Ba ta da masana'antar da za ta yi shi da yawa, don haka a 1924 ta ƙulla yarjejeniya da wasu 'yan'uwa biyu, Pierre da Paul Wertheimer. Su suka ɗauki kashi 70 cikin 100, Théophile Bader wanda ya haɗa su ya ɗauki 20, ita mai suna aka bar mata 10. Da turaren ya karɓu a duniya sai ta ga kamar ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta shafe shekaru tana ja da su ta hannun lauyoyi, amma abin da ta sa wa hannu ya riga ya ɗaure ta.

Nan ne kuma ta tafka abin da ya ɓata mata suna. A 1939 ta rufe gidan ɗinkinta, wanda a 1935 yake da ma'aikata kusan 4,000. Da Jamus ta mamaye Paris ta zauna a otal ɗin Ritz tana tare da wani jami'in Jamus, Hans Günther von Dincklage. Ganin abokan cinikinta Yahudawa ne, sai ta nemi amfani da dokokin 'yan Nazi ta ƙwace kamfanin. Ashe kafin su tsere Amurka sun damƙa shi amana hannun wani Bafaranshe, Félix Amiot, wanda ya mayar musu bayan yaƙi. Ita kuwa aka yi mata tambayoyi a 1944, daga baya ta koma Suwizalan da zama.

A 1947 suka sasanta, aka yanka mata kashi 2 cikin 100 na duk cinikin turaren a duniya, abin da ya mai da ita hamshaƙiya. A 1954, tana da shekara 70, ta sake buɗe gidan ɗinki, kuma Pierre Wertheimer ɗin da ta so tsiyatawa shi ya zuba kuɗin, gidan ya koma mallakarsa, yana ɗaukar nauyinta har ƙarshen rayuwarta. Ta rasu ran 10 ga Janairu, 1971 a Ritz tana da shekara 87, ba ta bar ɗa ba, aka binne ta a Lausanne. Har yanzu jikokin Pierre, wato Alain da Gérard Wertheimer, su ke da kamfanin.

Don haka jama'a, duk wanda mai jari ya kira shi haɗin gwiwa, ya nemi wanda zai karanta masa takarda kafin ya dangwala hannu, ya kuma san sunan wa aka rubuta a kan kaya.