Mamie Phipps Clark: Uwar da ta tsaya wa yaran da aka ce daƙiƙai ne

A ranar 17 ga Mayun 1954 ne Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin 'ya'yan Turawa da na baƙar fata. Cikin hujjojin da hukuncin ya ambata har da aikin wani masanin halayyar ɗan Adam, Kenneth Clark. Ba a ambaci matarsa Mamie ba, alhali binciken da ya ɗaukaka sunansa daga digirinta na biyu ya samo tushe.

An haifi Mamie Phipps a shekarar 1917 a garin Hot Springs na jihar Arkansas. Mahaifinta likita ne, amma hakan bai hana ta yin karatu a makarantar da aka ware wa baƙar fata ba. A 1934 ta shiga Jami'ar Howard da ke Washington da niyyar karanta lissafi. A can ta haɗu da Kenneth, ta koma fannin nazarin halayyar ɗan Adam, suka yi aure.

Binciken nasu ba shi da wani sarƙaƙiya. Sukan ajiye wa yaro baƙar fata ɗan shekara 3 zuwa 7 'yan tsana huɗu, biyu farare biyu baƙaƙe, sannan su tambaye shi wacce yake so, wacce ce mai kyau, wacce ce mummuna. Daga ƙarshe sai a ce ya nuna wacce ta yi kama da shi. Cikin yara 253, kusan kashi biyu cikin uku sun zaɓi farar. Wasu ma kuka suka fashe da shi da aka zo tambayar ƙarshe.

A 1943 ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Columbia, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu wannan digiri a fannin a jami'ar. Ta yi wannan karatu ne tana rainon 'yarta Kate, kuma a shekarar da ta gama ta haifi ɗanta Hilton. Malamin da ya duba aikinta, Henry Garrett, mai goyon bayan wariyar launin fata ne. A 1952 suka haɗu a wata shari'a a jihar Virginia, shi yana kare raba makarantu, ita tana ba da shaida kan illarsa.

Sai dai aikin da ya cinye rayuwarta ba na kotu ba ne. Bayan ta sha wahalar neman aiki duk da digirinta, ta samu gurbi a wani gidan kula da yara marasa galihu a New York. Nan ta ga yadda yaran talakawa ke fama da damuwa da tsoro, babu mai sauraron su. A 1946 ita da mijinta suka buɗe cibiyar Northside a ɗakin ƙasa na wani rukunin gidaje a unguwar Harlem, da bashin da mahaifinta ya ba su.

Iyaye suka riƙa kawo yaran da makarantu suka yanke wa hukuncin cewa ƙwaƙwalwarsu ba ta ja. Da ta sake gwada su, sai ta tarar da yawansu lafiyarsu ƙalau, talauci da rashin ingantacciyar koyarwa ne suka danne su. Saboda haka cibiyar ba ta tsaya a ba da shawara kaɗai ba, ta haɗa da koyar da karatu da lissafi, da zama da iyaye, domin a ganinta ba a raba damuwar yaro da halin da gidansu da makarantarsa ke ciki. A wancan zamani, da wuya a samu mai wannan tunani cikin masana.

Ta shugabanci cibiyar har ta yi ritaya a 1979. Cutar kansa ce ta yi ajalinta a ranar 11 ga Agustan 1983. Har yau Northside na karɓar yara a birnin New York.