Hasan Ibnul Haisam, Malamin da Ya Nemi Sanin Haske a Ɗakin Duhu

Ina so in kawo muku tarihin wani malami wanda ya rasu kusan shekara dubu ke nan, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai hoto ya ci moriyar aikinsa. Sunansa Hasan Ibnul Haisam. Turawa kuwa suna kiransa Alhazen.

An haife shi a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 ta Miladiyya. A can ya yi karatu, ya ƙware a lissafi da ilmin taurari, har sunansa ya kai Masar. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya taɓa faɗin zai iya tsare ruwan kogin Nilu, yadda ambaliya ba za ta ci gonaki ba, kuma a sami ruwa lokacin fari. Mu mutanen bakin gulbin Rima mun san nauyin wannan alkawari, don manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san abin da ruwa ke yi in ya yi yawa, ya kuma san abin da rashinsa ke yi.

Da maganar ta kai kunnen Halifa Alhakim, mai mulkin Masar, sai ya aika aka zo da shi. Malamin ya bi kogin har kusa da Aswan, ya duba faɗinsa da ƙarfinsa, ya ga kayan aikin zamaninsa ba za su iya ba. Ya dawo ya faɗi gaskiya. To, Alhakim sarki ne mai saurin fushi, kashe mutum ba wuya ne gare shi ba. An ce Ibnul Haisam ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa, aka tsare shi a gida har sarkin ya kau a 1021. Babbar madatsar Aswan kuwa sai a 1970 aka gama ta.

Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. A tsakanin 1011 da 1021 ne ya rubuta babban littafinsa, Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, a kan haske da gani. Kafin shi, manyan malamai irin su Uƙlidis da Baɗlaimusa sun koyar da cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓa abu, sannan a gan shi. Ibnul Haisam bai karɓa ba don kawai manya ne suka faɗa. Ya lura cewa wanda ya dubi rana idonsa kan yi zafi, wato ke nan wani abu ne ya shigo idon daga waje. Ya nuna cewa haske daga abubuwa yake tasowa, ya miƙe sak, ya shiga ido.

Ga yadda ya gwada. Ya sami ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar ƙaramar kafa guda. Ya jera fitilu a waje suna fuskantar kafar. Sai ga ɗigon haske a bangon ciki, adadinsu daidai da adadin fitilun. Da ya rufe fitila ɗaya, sai ɗigonta kaɗai ya ɓace. Da ya buɗe, sai ya dawo. Duk hasken ta kafa ɗaya ya wuce, amma bai cakuɗe ba. Wani masanin Sin mai suna Mozi ya ambaci irin wannan tun kafin haihuwar Annabi Isa, amma Ibnul Haisam ya bi abin da gwaji da lissafi dalla-dalla. Ya kuma rubuta wata maƙala a kan siffar husufi, inda ya bayyana dalilin da ya sa hasken rana mai husufi kan fito kamar jinjirin wata idan ya ratsa kafa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A ɗakin kwananmu na makaranta, idan aka rufe tagogi da rana tsaka, ni da abokaina mukan ga siffar masu wucewa a bango, ƙafa sama kai ƙasa, ta wata 'yar huda a jikin taga. Dalili shi ne hasken da ya taso daga kan mutum yakan ratsa hudar ya sauka ƙasa, na ƙafarsa kuma ya hau sama. Haka nan ƙananan da'irorin haske da ke ƙarƙashin dogonyaro hotunan rana ne. Iyayenmu da suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, in sun dubi gindin itatuwa a lokacin, to jinjirayen wata ne zube a ƙasa.

Bayan ya sami 'yanci ya zauna kusa da masallacin Azhar a Alƙahira, yana kwafar littattafan lissafi da hannunsa yana sayarwa don ya ci abinci. Ya rasu wajen 1040. Allah ya jiƙansa.

Littafinsa bai mutu da shi ba. An fassara shi da Latin, aka buga shi a birnin Basil a 1572. A 1604 masanin taurari Kefla ya yi amfani da sunan kamera obskura, ma'ana ɗakin duhu. An kuma sa gilashi a kafar don hoton ya ƙara fitowa, aka ƙara madubi mai karyo haske ƙasa. Sai abin ya zama na kallo. A Edinbara ta ƙasar Sikotlan, wata mata, Maria Short, ta kafa irin wannan ɗaki a kan hasumiya cikin shekarun 1850, har yau mutane na biyan kuɗi su ga birnin yana motsi a kan faifan tebur. A Makhanda ta Afirka ta Kudu, wani mai gyaran agogo, Henry Galpin, ya gina nasa a kan gidansa cikin shekarun 1880, yanzu gidan ya zama gidan tarihi. Da aka mayar da ɗakin ƙaramin akwati, aka sami hanyar kama hoton kada ya gushe, sai aka sami kyamara. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekarar haske, aka tuna da cikar littafinsa shekara dubu.

Ni dai a ganina, da za a gina irin wannan ɗaki a Argungu, kusa da Matan Fada, baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi da gidan tarihin Kanta za su ga masunta da gorunansu suna motsi a kan tebur, yara kuma su fita da tambaya a bakinsu.

Kafin nan, kowa na iya farawa. Sami gwangwanin madara, ka huda gindinsa da allura, ka rufe bakinsa da farar takarda da aka shafa wa man gyaɗa, ka lulluɓa da mayafi, ka nufi itace da shi. Za ka gan shi a kife.

Mu ɗalibai mun saba haddace abin da ke cikin littafi don jarrabawa, mu manta bayan mako guda. Ibnul Haisam ya girmama magabata, amma ya gwada maganarsu kafin ya yarda. Iyaye kuma, in kun ga yaro na huda gwangwani, kada ku ce ɓarna yake yi. Gani ya kori ji.