Charles na Biyar, Sarkin Faransa

Charles na Biyar (21 ga Janairu 1338 – 16 ga Satumba 1380), mai laƙabin Mai Hikima, ya zama sarkin Faransa a 1364, bayan mahaifinsa Jean na Biyu ya rasu a tsare a Landan. Ya tarar da Yaƙin Shekara Ɗari da Ingila, ga kuma Charles na Navarre yana tawaye. Kwana uku kafin naɗinsa a Reims, kwamandansa Bertrand du Guesclin ya murƙushe sojojin Navarre a Cocherel. Sarkin bai riƙa fita fagen daga ba. Haraji ya daidaita, ya biya sojoji albashi, ya hana su gwabzawa gaba da gaba. Zuwa 1375, yawancin yankunan da aka sallama wa Ingila a 1360 sun dawo hannunsa.