Joyce Cary

Arthur Joyce Lunel Cary (7 ga Disamba 1888 – 29 ga Maris 1957) marubucin ƙagaggun labarai ne ɗan asalin ƙasar Ayalan, wanda ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Najeriya daga 1914 zuwa 1920. An fi saninsa da littattafan Mister Johnson (1939) da The Horse's Mouth (1944). Abubuwa biyu ne suka fi yawa a rubuce-rubucensa na farko: rushewar gidan kakanninsa a Ayalan, da kuma zaman da ya yi a Arewa.

Asali da karatu

An haifi Cary a birnin Derry da ke arewacin Ayalan. Danginsa masu filaye ne a yankin Inishowen na gundumar Donegal tun ƙarni na 17, inda manoma ke biyan su kuɗin hayar gonaki. Dokokin ƙasa da aka kafa a farkon shekarun 1880 sun rage wannan kuɗin shiga, bashi ya yi wa gidan katutu, filaye suka suɓuce, dangi suka watse. Mahaifinsa, wanda injiniya ne, ya koma Landan da zama. Mahaifiyarsa Charlotte Joyce ta mutu a 1898, kuma sunan gidansu ne ya zama sunan da aka san shi da shi.

Ya yi karatu a makarantar Clifton da ke Bristol, ya koyi zane a Edinburgh, sannan ya karanta shari'a a Jami'ar Oxford, ya gama a 1912 da sakamako maras kyau. A wannan shekarar ya tafi Montenegro ya yi aikin jinya tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross lokacin yaƙin Balkan.

Aiki a Najeriya

Cary ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka a 1913, aka tura shi Lardin Bauchi, inda ya zauna a Nafada ta ƙasar Gombe. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai ya bi sojojin Najeriya zuwa Kamaru don yaƙar Jamusawa, aka ji masa rauni a dutsen Mora a 1915. Ya auri Gertrude Ogilvie a Ingila a 1916.

A 1917 aka kai shi ƙasar Borgu, ya riƙe aikin Di'o a Kaiama da Bussa. Aikinsa ya haɗa da rangadi, sauraron ƙararraki, sa ido kan haraji, da gina hanyoyi da gadoji. Ya bar aiki a 1920 saboda rashin lafiya da kuma burinsa na zama marubuci, ya zauna a Oxford har ƙarshen rayuwarsa. Da farko yana sayar wa wata mujallar Amurka gajerun labarai da sunan aro, Thomas Joyce.

Littattafansa

Sai a 1932, yana da shekara 43, littafinsa na farko Aissa Saved ya fito. An American Visitor (1933) da The African Witch (1936) suka biyo baya, dukkansu a Najeriya labarinsu ya gudana. Castle Corner (1938) tarihin wani gida ne na masu filaye a Ayalan, mai kama da gidan su Cary, wanda wasu 'ya'yansa suka fita neman arziki har Yammacin Afirka. A House of Children (1941) kuwa ya ginu ne kan ƙuruciyarsa a Donegal, kuma ya ci kyautar James Tait Black.

Mister Johnson labarin wani matashin akawu ne ɗan kudu da ke aiki a wani ƙagaggen gari na Arewa mai suna Fada. Irin waɗannan akawuna baƙi ne suka cika unguwannin Sabon Gari a Zariya da Kano bayan isowar jirgin ƙasa. Johnson ya ci bashi don auren Bamu, ya nuna wa maigidansa Rudbeck dabarar murɗa lissafin baitulmali don a ƙarasa wata hanya, amma da asiri ya tonu shi aka kora. Daga baya ya kashe wani Bature mai kanti, aka yanke masa hukuncin rataya. Ya roƙi Rudbeck ya harbe shi maimakon haka, Rudbeck ya harbe shi.

Suka

Masu sharhi a Turai da Amurka sun yaba wa Mister Johnson ƙwarai. Chinua Achebe, wanda ya karanta shi yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya ga cewa an mai da Johnson wawa mai dariya kawai, mutanen gari kuma taron da ba shi da tunanin kansa. Wannan ƙorafi yana cikin dalilan da suka sa ya rubuta Things Fall Apart (1958). Masu kare Cary suna cewa littafin ya tona rashin adalcin mulkin mallaka, suna kuma kafa hujja da The Case for African Freedom (1941), inda ya nemi a bunƙasa ilimi da tattalin arzikin Afirka.

A shekarun da Cary yake rubuta Arewa da Turanci, 'yan Arewa sun fara rubuta nasu ƙagaggun labaran da Hausa. Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Mutuwa

Matarsa ta mutu a 1949, ta bar 'ya'ya maza huɗu, cikinsu har da Tristram Cary mai tsara kiɗa. Daga baya Cary ya kamu da cutar jijiyoyi mai shanye jiki sannu a hankali. Da hannu ya gaza sai ya koma yin shifta ana rubuta masa. Ya mutu a Oxford ranar 29 ga Maris 1957, kuma littafinsa na ƙarshe, The Captive and the Free, ya fito a 1959. A 1990 Bruce Beresford ya mai da Mister Johnson fim, wanda ya sa Maynard Eziashi ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Berlin a 1991. Takardun Cary suna ajiye a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford.