Otto von Bismarck (1815–1898) da Tushen Yaƙin Duniya na Ɗaya

An haifi Otto von Bismarck ranar 1 ga Afrilu, 1815, a garin Schönhausen da ke ƙasar Furushiya, a gidan masu manyan gandaye. Ya yi karatun shari'a a Göttingen da Balin, sannan ya yi jakadanci a Rasha da Faransa, kafin Sarki Wilhelm na Ɗaya ya naɗa shi firayim minista a shekarar 1862.

A wancan lokaci Jamusawa a rarrabe suke cikin masarautu masu yawa. Da yaƙe-yaƙe uku Bismarck ya haɗe su a ƙarƙashin Furushiya: da Danmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da kuma Faransa daga 1870 zuwa 1871. An yi shelar kafa Daular Jamus a fadar Versailles ranar 18 ga Janairu, 1871. Faransa ta rasa yankin Alsace da wani sashe na Lorraine, aka kuma ɗora mata diyyar faran biliyan 5. Daga nan gaba mai ɗorewa ta ƙullu tsakanin ƙasashen biyu.

Da yake ya san Faransa za ta nemi ramuwa, sai ya duƙufa wajen hana ta samun abokan ƙawance. Ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ostiriya-Hangari a 1879, Italiya ta shigo a 1882, sannan ya yi wata ta sirri da Rasha a 1887. A taron Balin na 1878, wanda ya shugabanta, aka damƙa wa Ostiriya-Hangari gudanar da Bosniya, lamarin da ya ɓata wa Sabiyawa rai. Shi ne kuma ya karɓi baƙuncin taron 1884 zuwa 1885 da ya shimfiɗa ƙa'idojin mamayar Afirka, a daidai lokacin da Jamus ta kama Kamaru da Togo.

Raunin wannan tsari shi ne ya dogara kacokan ga basirar mutum guda wajen riƙe Rasha da Ostiriya-Hangari a lokaci ɗaya, alhali suna takara a yankin Balkan. Da Sarki Wilhelm na Biyu ya tilasta masa yin murabus a 1890, sai Jamus ta ƙi sabunta yarjejeniyarta da Rasha. Zuwa 1894 Rasha ta haɗa kai da Faransa, abin da Bismarck ya fi tsoro ke nan. Birtaniya ta kusanci Faransa a 1904 da Rasha a 1907, Turai ta rabu gida biyu.

Bismarck ya rasu a Friedrichsruh ranar 30 ga Yuli, 1898. Bayan shekara 16 aka kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hangari a Sarajevo, babban birnin Bosniya, sai ƙawancen da ya gina domin kare Jamus ya ja ta cikin yaƙin 1914.