Tunawa Da Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello

'Yan'uwa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu. A wannan fitowa mun ga ya dace mu tuna da marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello, ɗan Arewa na farko da ya zama Babban Jojin Nijeriya. Abin da za mu fi dubawa shi ne farkon aikinsa, lokacin da yake lauyan gwamnati, domin a nan ne darasinmu yake.

An haife shi a birnin Katsina a 1930, a gidan malamai masana shari'ar Musulunci. Ya yi Midil ta Katsina, ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Zariya aka san ta da Barewa. A wancan zamani Turawa ne ke riƙe da aikin lauya a gwamnatin Jihar Arewa. Sai aka zaɓi wasu samari a tura su Ingila karatun doka, cikinsu har da shi da abokinsa Mamman Nasir, shi ma Bakatsine, da Buba Arɗo. A 1955 shi da Mamman Nasir suka zama cikakkun lauyoyi a Lincoln's Inn ta birnin Landan.

Da ya dawo a 1956 sai ya kama aiki a matsayin ƙaramin lauyan gwamnati. To, mene ne aikin? Idan 'yan sanda sun gama bincike, fayil ɗin gabansa yake zuwa. Shi zai duba ko shaida ta isa a gurfanar da mutum, ko kuwa zargi ne kawai. In ta isa, shi ne zai tsaya gaban kotu ya kira shaidu. In ba ta isa ba, ya ba da shawara a saki mutum. Ka ga ke nan alƙalaminsa na iya kai mutum gidan kaso, yana kuma iya mayar da shi ga iyalinsa. Yana cikin wannan aiki ne Arewa ta samu sabon kundin hukunta laifuka, wato Final Kod, a 1960.

A 1961 hanyar abokan biyu ta rabu. Mamman Nasir ya shiga siyasa a gwamnatin NPC ta Sardauna, ya zama Ministan Shari'a har juyin mulkin Janairun 1966. Shi kuwa Muhammadu Bello ya zama majistare, sannan a 1964 aka naɗa shi Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Arewa. Ikon Allah, a 1975 suka sake haɗuwa a Kotun Ƙoli. Ya riƙe kujerar Babban Joji daga 1987 zuwa 1995, ya rasu a 2004.

Jama'a, mu da muke zaune a nan ba mu da kotun alƙali irin ta gida, kuma Final Kod ba ta aiki a Kudu. Kundinsu daban ne. Shari'a da Turanci ake yi. Sau nawa muka ga an tsare ɗan'uwa kan rigimar motar shanu ko bashin albasa, ya dangwala hannu a takardar da bai san abin da ke ciki ba? Sai mu bi rumfa-rumfa muna karo-karo, mu ɗauki lauyan da ko gaisuwa sai da tafinta.

Gidan da marigayi ya fito bai ɗauki karatun doka a matsayin barin addini ba. Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da sarakunan Hausawa, a zaɓi yaranmu masu ƙwazo da suka sauke a Islamiyya, maza da mata, a ɗauki nauyinsu har su zama lauyoyi. Kuɗin da muke kashewa wajen beli a shekara ba ƙarami ba ne; a karkata wani abu daga ciki zuwa nan.

Allah ya jiƙan Mai Shari'a Muhammadu Bello da abokan tafiyarsa, ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, amin.